Dogon Daren Ƙurewar Duniya da Rawar Allurar Kamfas

Akwai wani kundin awo da ya faro daga shekarar 1868, bai yanke ba har yau. Abin da ke cikinsa shi ne yadda maganaɗisun duniya, wato ƙarfin nan da ke juya allurar kamfas ta fuskanci arewa, yake kwanciya ko ya hargitse daga sa'a zuwa sa'a. Wani masani Bafaranshe, Pierre-Noël Mayaud, shi ya zauna ya tace shi daga tsofaffin takardun tashoshi biyu da ke kusan bayan juna a doron ƙasa, ɗaya a Ingila, ɗaya a Ostareliya. Idan aka tara shekarun nan aka jera su wata-wata, sai tudu biyu su fito ɓaro-ɓaro. Hargitsin yakan yi yawa a wajen Maris da Afrilu, ya lafa a Yuni da Yuli, ya sake tashi a Satumba da Oktoba, ya kuma kwanta a Disamba da Janairu. To, tushen hargitsin daga rana yake, ita kuwa rana ba ruwanta da watanninmu, ba ta da dalilin fin yin aman wuta a Maris a kan Yuni. Ke nan dalilin yana wajenmu, ko dai a yadda duniya take karkace, ko a wani abu da ke gudana a samanta. Neman wannan dalili ya ci fiye da shekara 170, kuma ya bi da masu nema ta inda ba su zata ba, wato sararin saman ƙurewar arewa da ƙurewar kudu, a cikin daren da rana ke yin watanni ba ta leƙo ba.

Labarin ya faro ne a shagon maƙerin agogo. A 1722 George Graham, wanda ke sana'arsa a Landan, ya ƙera wata doguwar allura mai saurin jin motsi, ya zauna yana duban bakinta, sai ya ga ba ta tsayawa wuri guda. Kullum tana ɗan karkata ta dawo, wasu ranakun kuma ta yi ta ɓari ba gaira ba dalili. Allura ƙirar hannunsa ta isa Uppsala ta ƙasar Suwidin wurin Anders Celsius, mai ma'aunin zafin nan, shi kuma ya damƙa dubanta ga mataimakinsa Olof Hiorter. Aikin ba na mai son barci ba ne. Hiorter yakan leƙa allurar kusan kowace sa'a, dare da rana, ya rubuta inda ta nuna, haka wata da watanni. A Maris na 1741, a wani dare da hasken nan mai launin kore da ja da ke kaɗawa a samaniyar ƙasashen arewa, wanda ake kira orora, ya cika sama, Hiorter ya lura cewa in hasken ya motsa allurar ma takan motsa. Watan da ya biyo baya kuma, su a Uppsala da Graham a Landan suka ga allurarsu ta hargitse a rana ɗaya, alhali tsakaninsu akwai kimanin kilomita 1,400. Daga nan aka san abin da ke girgiza allurar ya fi ƙarfin gari guda, kuma yana da alaƙa da wani abu can sama.

Ƙarni na 19 ya tafi ne a tara awo. Alexander von Humboldt, wanda ya yi darare yana gadin allura a Balin a 1806, shi ya yaɗa kiran irin wannan hargitsi da sunan guguwar maganaɗisu. Masana biyu, Gauss da Weber, a Göttingen suka shirya tashoshi da dama su riƙa duba allurarsu duk bayan minti biyar a ranakun da aka tsayar, kowa da agogon Göttingen. Ingila ta kafa nata tashoshin a Toronto da tsibirin St Helena da Cape Town da Hobart. Daga takardun Toronto ne Edward Sabine ya gano a 1852 cewa yawan guguwar yana hawa da sauka tare da yawan baƙaƙen tabon da ke fitowa a fuskar rana, waɗanda wani mai sayar da magani Bajamushe, Heinrich Schwabe, ya nuna suna da zagaye na kimanin shekara goma. A cikin irin waɗannan takardu ne kuma John Allan Broun a Sikotlan a 1848, da Sabine kansa a 1856, suka lura da tudun nan biyu na shekara. Sun gani, sun rubuta, amma ba mai bayani. Ranar 1 ga Satumba 1859 Richard Carrington ya ga wani farin haske ya tartsatsa a jikin rana, kashegari guguwa ta rikita wayoyin tangarahu a Turai da Amurka, har aka ga orora a Kuba.

To wace hanya ce lantarkin da ke girgiza allura yake bi? A 1882 Balfour Stewart ya ce dole akwai wani sashe na iska can sama da lantarki ke iya ratsawa. A shekarar ce kuma ƙasashe fiye da goma suka haɗa kai suka aika mutane su kwana shekara guda a yankunan ƙanƙara suna awo, abin da aka kira Shekarar Ƙurewar Duniya ta farko, shawarar wani hafsan sojan ruwan Ostiriya, Karl Weyprecht, wanda ya rasu a 1881 bai ga cikar burinsa ba.

Mutumin da ya fi kowa kusantar gaskiya a wancan zamani shi ne Kristian Birkeland na ƙasar Norwe, kuma ya biya farashi mai tsada. A yunƙurinsa na farko na hawa duwatsun arewacin Norwe a 1897, guguwar ƙanƙara ta rutsa da su, wani ɗalibinsa ya rasa kan yatsunsa saboda sanyi. Bai daddara ba. Ya gina ɗan ɗakin dutse a ƙololuwar Haldde, kusa da garin Alta, ya yi hunturun 1899 zuwa 1900 a can, a cikin duhun da ba ya yayewa da iskar da ke hana mutum miƙewa tsaye, kuma kafin su sauko zabtarewar ƙanƙara ta kashe ɗaya daga cikin mataimakansa. A 1902 zuwa 1903 ya baza tashoshi huɗu, a Norwe da Aisilan da Svalbard da Novaya Zemlya, don ya ga guguwa ɗaya daga kusurwoyi huɗu. A ɗakin gwajinsa kuma ya rataye wata ƙwallon ƙarfe mai maganaɗisu a cikin akwatin gilashi da aka zuƙe wa iska, ya harba mata ilektaron, sai zobba biyu na haske suka bayyana kewaye da ƙurewarta biyu. Abin da ya kammala a 1908 shi ne, rana tana turo ƙwayoyi masu cajin lantarki, lantarkin yana gangarowa ta bin layukan maganaɗisun duniya zuwa saman yankin orora, ya yi tafiya a kwance, ya sake hawa. Manyan masana na Ingila ba su karɓa ba, Sydney Chapman ma ya yi shekaru yana adawa da ra'ayin. Birkeland ya rasu a Tokyo a 1917, bayan 'yan shekarun da ya yi a Masar da Sudan yana nazarin wani haske na daban a samaniyar hamada. Sai da aka yi rabin ƙarni kafin tauraron ɗan'adam ya ratsa ta cikin lantarkin da ya faɗa ya auna shi.

Rediyo ce ta buɗe ƙofar sashen iskar da Stewart ya yi hasashe. A Disamba 1901 Marconi ya ce ya ji saƙo daga Cornwall ta Ingila a Newfoundland, a ƙetaren Tekun Atlantika, abin da bai kamata ya yiwu ba tun da duniya a lanƙwashe take. Masana biyu, Kennelly da Heaviside, kowa da kansa, suka ce a 1902 akwai wani rufi a sama da ke mayar da igiyar rediyo ƙasa. A Disamba 1924 Edward Appleton da ɗalibinsa Miles Barnett suka ari tashar BBC ta Bournemouth bayan an rufe shirye-shiryen dare, suna sauya zangon a hankali suna saurare daga Oxford, suka lissafa cewa rufin yana wajen kilomita 100 a sama. Breit da Tuve a Washinton suka kawo hanya mafi sauƙi: a harba gajeren sauti na rediyo tsaye zuwa sama, a auna lokacin da amsa-kuwwarsa za ta dawo. Wannan sashe shi ake kira ayonosfiya. Haskoki masu ƙarfi na rana, waɗanda ido ba ya gani, suna fizge ilektaron daga ƙwayoyin iskar da ke can, su bar iskar da caji. Hawa-hawa ne: na ƙasa daga wajen kilomita 60 zuwa 90, na tsakiya a wajen 110, na sama mai kauri a wajen 300. Duk wanda ya girma da rediyo a ƙasar Hausa ya san aikin ayonosfiya ko da bai san sunanta ba. Hawan ƙasan nan yana shanye matsakaicin zango da rana, ya ɓace jim kaɗan bayan magariba, shi ya sa Rediyon Kaduna ta riƙa isa ƙasashe masu nisa da dare. Shi ya sa kuma tashoshin gajeren zango suke da mita ta safe da mita ta dare, suke kuma sanar da sauyin mita sau biyu a shekara.

A 1931 Chapman ya fitar da lissafi mai kyau na yadda hasken rana ke gina waɗannan hawa, kuma lissafin ya dace da abin da ake gani a Ingila. Amma yana ɗauke da wani hukunci a fili: inda babu rana, ilektaron za su koma su haɗe da ƙwayoyinsu, ayonosfiya ta dusashe. A Tromsø ta Norwe rana ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. A Longyearbyen ta Svalbard, digiri 78 arewa, tana ɓacewa daga ƙarshen Oktoba sai tsakiyar Fabrairu. Bisa lissafi, saman waɗannan wurare a hunturu kamata ya yi ya zama kusan fayau.

Gwaji na farko ya zo a Shekarar Ƙurewar Duniya ta biyu, 1932 zuwa 1933, lokacin da Appleton da abokan aikinsa suka kai na'urorinsu Tromsø. Sun tarar da abubuwa biyu. Da dare, in orora ta tashi, sai wani sabon hawa mai kauri ya fito a wajen kilomita 100 ba tare da ko ɗigon hasken rana ba. In kuma guguwar ta yi tsanani, sai amsa-kuwwar ta ɗauke ɗungurungum, na'ura tana harbawa ba abin da ke dawowa. Ƙwayoyi masu caji da suka fi ƙarfi ne suke nutsawa ƙasa sosai, su cika hawan da ke shanye rediyo. Wannan ɗaukewar ta zama babbar damuwa ga jiragen sama da na ruwa da ke bin hanyar arewacin Atlantika a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tana cikin abin da ya sa gwamnatoci suka ƙara zuba kuɗi a wannan bincike.

Babban gwajin kuwa shi ne Shekarar Nazarin Duniya, daga 1 ga Yuli 1957 zuwa ƙarshen 1958, inda ƙasashe 67 suka shiga. Amurka ta kafa tasha a daidai ƙurewar kudu, mutum 18 suka yi hunturun farko a can. Rana tana faɗuwa a wurin sau ɗaya a shekara, a ƙarshen Maris, ba ta sake fitowa sai Satumba. A tsakiyar wannan dare tana ƙasa da gefen sama da digiri 23, inuwar duniya kuma tana kai fiye da kilomita 500 a sama, ma'ana hawan saman ayonosfiya yana cikin duhu ƙirin. Duk da haka na'urar rediyon tashar ta ci gaba da samun amsa-kuwwa daga can wata bayan wata. Abin da ya fi ɗaure kai, kaurin hawan yana ƙaruwa yana raguwa a kowace sa'a 24, a wurin da tsayin rana ba ya sauyawa tsakanin safe da yamma. A tashar Ingila ta Halley Bay kuma, a gaɓar Tekun Weddell, aka ga wani abin al'ajabin: a lokacin bazararsu ayonosfiya ta fi kauri da tsakar dare a kan tsakar rana.

Shekaru ashirin da suka biyo baya su suka warware wannan ƙulli, kuma a ganina nan ne labarin ya fi daɗi. Eugene Parker ya yi hasashe a 1958 cewa rana tana fesa iska mai caji ba dare ba rana, kumbon Mariner 2 ya tabbatar a 1962, gudunta kuwa wajen kilomita 400 a daƙiƙa. James Dungey ya nuna a 1961 cewa wannan iska tana ɗauke da maganaɗisun rana, kuma in ya juya ya fuskanci kudu yakan ƙullu da na duniya, ƙofa ta buɗe. Hotunan kyamarorin da suka riƙa ɗaukar sama baki ɗaya a 1957 da 1958 suka ba Yakov Feldstein na Rasha damar nuna cewa orora zobe ce da ke kewaye ƙurewar maganaɗisu, ta ɗan zame zuwa ɓangaren dare. Syun-Ichi Akasofu a Alaska ya bayyana a 1964 yadda take fashewa a wajen tsakar dare ta bazu ta lafa cikin sa'a biyu zuwa uku. A ƙarƙashin zoben, ruwan ilektaron da ke zubowa shi ke maye gurbin rana wajen gina ayonosfiya.

A cikin zoben kuwa, inda ruwan ilektaron ba shi da ƙarfi, wata dabara ce ke aiki. Iskar rana tana jan layukan maganaɗisu daga ɓangaren rana ta tsallaka da su ta kan ƙurewa zuwa ɓangaren dare, iska mai cajin da ke hawan sama kuma tana bin layukan, da gudun ɗaruruwan mita har sama da kilomita guda a daƙiƙa, sannan ta zagayo ta gefen asuba da gefen magariba ta koma. Abin ya yi kama da yarinyar da aka aika ɗebo garwashi a maƙwabta: in ta yi sauri ta iso da wuta, in ta yi nawa ta iso da toka. A kilomita 300 ilektaron yakan yi sa'o'i kafin ya haɗe, tsallaka ƙurewar kuma tafiyar sa'a ɗaya zuwa biyu ce in gudun ya yi ƙarfi. Saboda haka a daren hunturu kaurin ayonosfiyar ƙurewa ya rataya ne kacokan a kan yanayin maganaɗisu. In akwai hargitsi, sai wani dogon harshe na iska mai kauri ya miƙo daga ɓangaren rana ya shiga duhu, sau da yawa a yanke gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa faɗinta daga kilomita 100 zuwa 1,000, kamar yadda aka riƙa aunawa a Thule ta Girinlan a farkon shekarun 1980. In komai ya lafa, iskar takan daɗe a duhu ta tsiyaye, har a sami rami. Tauraron Kanada Alouette 1, wanda aka harba a 1962, ya nuna wani kwari makamancin haka a gefen zoben ta wajen ƙasashen da ke da jama'a, kwarin da ya fi zurfi a dararen hunturu. A bazara duk wannan yakan shafe, domin rana tana haska ƙurewar ba dare ba rana, ta cike ramukan, gunduwoyin kuma su saje da abin da ke kewaye da su. Shi kuwa hawa da saukar sa'a 24 da aka gani a ƙurewar kudu, dalilinsa shi ne ƙurewar maganaɗisu ba ta zauna daidai kan ƙurewar da duniya ke juyawa a kanta ba. Kullum tana zagaya ta sau ɗaya, ta tura bakin hanyar da iskar ke shigowa cikin hasken rana, ta janye shi.

Duk wannan lokaci tambayar tudu biyun tana nan tana jira. Bayani na farko ya fito a 1912 daga A. L. Cortie, limamin coci da ke kula da tashar Stonyhurst a Ingila. Ya ce rana a karkace take da kimanin digiri 7, don haka a farkon Maris da farkon Satumba duniya ta fi fuskantar sassan rana da tabo ke fitowa. Julius Bartels na Jamus, wanda ya ƙirƙiro ma'aunin Kp mai hawa daga 0 zuwa 9 da ake amfani da shi har yau, da D. H. McIntosh a 1959, suka karkata ga wani bayanin: abin dubawa shi ne kusurwar da ke tsakanin sandar maganaɗisun duniya da layin da ya taho daga rana. A lokacin daidaiton dare da rana, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba, sandar tana tsaye a gicciye, hargitsi ya yi yawa, a Yuni da Disamba kuma ta sunkuya, ya ragu. Lissafin ya dace da awo, sai dai ba su iya faɗin me ya sa ba. A 1973 Christopher Russell da Robert McPherron na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles suka kawo na uku, wanda ya fi shahara. Maganaɗisun da iskar rana ke ɗauke da shi yawanci a kwance yake, amma saboda karkatar duniya, a farkon Afrilu da farkon Oktoba wani kaso nasa yakan zo wa duniya a matsayin mai fuskantar kudu, ƙofar Dungey ta buɗe ko da rana ba ta yi wani abu na musamman ba. Wahalar raba gardamar a fili take: ranakun da bayanan uku suka nuna duk suna cikin wata guda. A 2000 Edward Cliver da abokansa suka sake tace tsofaffin awon suka ce kaso mafi girma na bayani na biyu ne, wanda har lokacin ba a san injinsa ba.

A nan ne zaren biyu suka haɗu. Tauraron Triad a shekarun 1970 ya zana taswirar lantarkin Birkeland, aka tabbatar yana saukowa ta gefe guda ya ratsa ayonosfiya ya hau ta ɗaya gefen. Ke nan ayonosfiya wani yanki ce na wayar da lantarkin ke bi, kuma sauƙin ratsa ta ya danganta da ko tana cikin haske ko duhu. A 1996 Patrick Newell da abokan aikinsa biyu, bayan sun tace awon shekaru na taurarin yanayi na sojan Amurka, suka nuna cewa orora mai tsananin ƙarfi ta fi aukuwa inda ayonosfiya ke cikin duhu, hunturu ya fi bazara, dare ya fi rana. Ba wai duhu ne ke sa a fi ganinta ba kawai, domin tauraron ilektaron ɗin yake ƙirgawa kai tsaye. Inda hanya ta yi wuya, sai ƙarfin turi ya taru a sama, ya harbo ilektaron da ƙarfi. Daga nan Wladislaw Lyatsky da Newell da Abdelhaq Hamza suka ɗora a 2001. Kowane layin maganaɗisu ƙafa biyu gare shi, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. A Yuni ƙafar arewa tana cikin hasken rana har da tsakar dare, a Disamba ta kudu ce, don haka lantarkin yana da hanya mai sauƙi aƙalla a gefe guda. A Maris da Satumba ne kawai ɓangaren dare na zobban biyu ke shiga duhu tare. Suka ce wannan ne ke sa guguwa ta fi ɓarkewa a lokacin.

Ra'ayin bai ci nasara baki ɗaya ba, kuma ban ga dalilin da za a ce dole ɗaya ya kori sauran ba. Mike Lockwood na Jami'ar Reading da abokansa sun fitar da jerin nazari a 2020 suna kare bayanin Russell da McPherron a matsayin tushe, wanda wasu abubuwa ke ƙara wa girma. Amma sauyin da ya riga ya faru shi ya fi muhimmanci a wurina. Fiye da ƙarni guda ana kallon saman ƙurewa a matsayin allon da rana ke rubutu a kai, yanzu ba mai gardamar cewa yana mayar da martani, kuma irin martanin ya danganta da kakar shekara.

Batun ya wuce na littafi. Da asubar 13 ga Maris 1989 guguwa ta durƙusar da wutar lantarkin Quebec ta Kanada cikin kimanin minti ɗaya da rabi, mutum miliyan shida suka yi wajen sa'a tara a duhu. Guguwar ƙarshen Oktoba 2003 ta ɗauke wuta a Malmö ta Suwidin, ta kuma lalata manyan tiransifomomi a Afirka ta Kudu. Akwai ta 24 ga Maris 1940, da ta 18 ga Satumba 1941, da ta 17 ga Maris 2015. Kada dai a ɗauka doka ce, domin manyan guguwoyin Mayu 1921 da Yuli 2000 da Mayu 2024 ba a lokacin suka zo ba. In rana ta yi aman da ya isa, kalanda ba ta tare shi. Jiragen fasinja da ke tsallaka ƙurewar arewa tsakanin Amurka da Asiya sun dogara da gajeren zango a inda taurarin sadarwa na saman ikwaita ba sa isa, kuma in rediyo ta ɗauke dole su sauya hanya. Gefunan gunduwoyin nan na daren hunturu suna rikita siginar GPS. Mu ma abin yana taɓa mu ta wata fuska. Layin ikwaita na maganaɗisu ya ratsa Nijeriya, a samansa kuma akwai wani kogin lantarki da Cyril Onwumechili ya yi nazarinsa daga Ibadan tun shekarun 1950, kuma an tabbatar cewa in ƙurewa ta hargitse, turin lantarkin yana isowa saman ikwaita cikin mintoci.

Kayan aiki sun ƙaru sosai. Manyan na'urorin rada na EISCAT sun fara aiki a Tromsø da Kiruna da Sodankylä a 1981, aka ƙara na Svalbard a 1996, inda duhun Disamba ke ba da damar ganin orora da tsakar rana. Taurari uku na Swarm da Turai ta harba a 2013 suna ratsa ƙurewa biyun kullum, kuma awonsu ya ƙara nuna cewa kudu ba madubin arewa ba ce, domin ƙurewar maganaɗisun kudu ta fi nisa da ƙurewar juyawa, hasken rana kuma yana shiga zoben ta wani tsari na daban. Wannan bambanci shi ne mafi kyawun abin da za a gwada bayanan da shi, tun da yawancinsu suna hasashen ba watan kawai ba, har da sa'ar da hargitsi zai fi yawa. Matsalar ita ce dogayen kundayen awo sun karkata gefe guda. Daga cikin tashoshi 13 da ake haɗa Kp da su, biyu ne kawai a kudu, ɗaya a Ostareliya ɗaya a Niyu Zilan. Ma'aunin AE kuwa, wanda ke auna lantarkin zoben orora kai tsaye, duk tashoshinsa a arewa suke, saboda mafi yawan zoben kudu ya faɗa ne a kan teku da ƙanƙarar Antaktika.